Ramin Gindin Kurna

Jiya da la'asar wayoyin gidanmu suka ɗauki kuka a lokaci ɗaya, tawa da ta maiɗakina da ta 'yarmu. Saƙon gargaɗi ne, wai ana sa ran ruwa mai ƙarfi a kan duwatsun Ɗa'ifa, kowa ya nisanci kwari da magudanai. Na leƙa ta taga. Sama a kan Makka tas take, rana na dukan gilasan otal-otal, amma can gabas, bayan Arfa, wani baƙi-baƙi ya zauna a kan duwatsu ko motsi ba ya yi. Maiɗakina ta hau saman bene kwashe shanya tana murna, tana cewa Allah Ya sa ya iso mu. Ni ban ce amin da ƙarfi ba. Tun shekarar da muka haƙa rami a hanyar ruwa, ni da yayana Bakur, ban ƙara ganin hadari na ji daɗi ba, yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan.

A unguwar Misfala, nan Makka, aka haife mu. Kakanmu ya taho daga ƙasar Kano da ƙafa, ya sauke farali, ya zauna bai koma ba. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu Hajiya, ni ne auta, Yaya Bakur ya ba ni shekara tara. Abubakar ne sunansa, amma a nan Bakur ake cewa. Ƙato ne mai sanyin magana, ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa ba ta ɗoru daidai ba, don haka yana ɗan ɗingishi. Shi ke kula da gonar wani dattijon Balarabe a wani kwari bayan Arfa, waje da iyakar Harami. Gonar ta dabino ce da lemun tsami, da 'yan awaki, da rijiya biyu. Ni kuma ina da shagon hoto a lungunmu, ina ɗaukar hoton fasfo da na iƙama, wato takardar izinin zama, da na alhazai masu son a ɗauke su da sabon rawani su aika gida.

Hoton mutane ya daɗe da isata. Duk wanda ya zauna gaban kyamarata sai ya ɗaure fuska kamar an kai shi gaban alƙali. Tsuntsaye nake so, kuma ba tattabarun Harami ba. Mu 'yan Makka mun tashi an hana mu ko korar tsuntsu daga inuwarsa, shi ya sa tattabarunmu ba su san tsoro ba, sai ka ce musu gafara kafin su ba ka hanya. Ni wanda ke gudun mutum nake nema, musamman fakarar dutse da Larabawa ke kira hajal, mai jan baki da jajayen ƙafafu da baƙar hula a ka. Na sha jin kukanta daga gonar, na sha hango ƙurarta tana haye dutse, amma ban taɓa samun ta a fim ba. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Shekarar ita ce ta biyu ba ruwa. Sanyi ya zo ya wuce a bushe, zafi ya zo ya yi yadda ya ga dama. Rijiya ɗaya ta ƙafe, ɗayar ta koma gishiri-gishiri, in an tayar da inji sai ya ja minti goma ya hau tari. Lemun tsami ya zubar da ganye, ya bar 'ya'ya ƙanana masu tauri a jikin ƙaya. Mai gona ya sayar da rabin awakin. Birai suka riƙa saukowa daga dutse da rana tsaka, haƙarƙarinsu a waje, suna tauna tiyo don su lashi danshin ciki. In ka taɓa ƙofar mota da azahar sai ka yarfe hannu.

A cikin wannan halin na karanta a wata mujalla yadda masu hoton tsuntsu ke yi a gonakin mutane a wasu ƙasashe. Rami suke haƙawa su rufe samansa, su yi ɗan tafki a gabansa, mutum ya zauna a ciki idonsa daidai da fuskar ruwa. Na kai wa Yaya maganar a watan Sha'aban. Ya nemo min izini wurin mai gona, dattijon ya yi dariya ya ce in dai ba bindiga, bismilla.

Gidan gona da dabinon suna kan tudu a gefe ɗaya na kwarin. Kwarin kansa farin yashi ne, faɗinsa tafiyar minti goma ga mai lafiyar ƙafa. Can ɗaya gefen, dab da gindin dutse, akwai wata tsohuwar kurna, ita kaɗai ce kore a duk wurin, kuma ta nan fakara ke saukowa. Nan na nuna masa.

Ya tsaya ya dubi wurin, ya dube ni. "Usman, nan hanyar sel ce," in ji shi. Sel shi ne ambaliyar da ke gangarowa daga kan duwatsu.

Na ce, "Wane sel kuma, Yaya? Shekara biyu ko yayyafi ba a yi ba."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna min rassan kurnar. Akwai busasshiyar ciyawa da tsumma da wani guntun tiyo a maƙale a sama, inda ko na yi tsalle hannuna ba zai kai ba.

"Wa ya rataya waɗannan?"

"Na gani. Amma ai wannan tsohon zance ne."

"Shi ba ya sallama, ya akhi. Ana iya sheƙa ruwan a Ɗa'ifa, kai kana nan rana na dukan ka, sai dai ka ji shi a ƙeyarka."

Na ce wata ɗaya kawai nake so, da na samu fakara sai mu cike ramin. Na yi ta magiya irin ta auta, wadda na san ba ya iya tsallakewa tun muna yara. Ya soka sandarsa a yashi ya zare, sannan ya ce, "Ɗayyib. Gobe ka zo da shebur."

Safiya uku muka yi muna haƙa. In faɗi gaskiya shi ya yi ta, ni hannun kyamara gare ni, tun ranar farko tafina ya yi bororo. Muka kai zurfin ƙirji, muka jera buhunan yashi a bango don kada ya rufto, muka ɗora katako da kwano, muka lulluɓe da busasshen ganyen dabino. Ta gaba muka bar tsaga mai faɗin tafin hannu, inda dogon bakin kyamara zai leƙa. Ta baya muka yi ƙofa da fallen kwano, mai ɗaguwa sama kamar murfin tukunya. A gaban tsagar Yaya ya zuba siminti ya yi ɗan tafki da bai fi tabarma faɗi ba. Kullum da safe yakan ɗauko jarka biyu daga rijiyar nan mai gishiri, ya ratsa yashin da ɗingishinsa ya zuba, ko na zo ko ban zo ba, don tsuntsaye su saba.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya, wadda na koya masa kuma na riƙe ta kamar farilla. Tsuntsu ba ya ƙidaya. In mutum biyu suka nufi ramin, ɗaya ya shiga, ɗaya ya rufe shi ya koma yana tari yana jan ƙafa, tsuntsayen da ke kallo daga dutse sai su ɗauka kowa ya tafi. Haka nan wurin fita. Na ciki ba ya fitowa da kansa, don in suka ga mutum ya tsiro daga ƙasa, sun gane ramin ke nan har abada. Sai mai rakiya ya dawo, su watse saboda shi, sannan ya ɗaga murfi. Yaya ne mai rakiyata. Shi ke rufe ni ya jera ganyen dabino a kan kwanon, shi ke buɗe ni.

Da muka ba Hajiya labari ta riƙe baki. Ta ce, "Ikon Allah. Kakanku na wajen uwa maharbi ne, da kan burtu yake rarrafe a dawa, amma shi in ya dawo akwai abin sawa a miya. Kai Auta ka shiga kabari da ranka, ka dawo mana da takarda."

Samarin yanzu ma suna wannan harkar, har sukan gayyace ni. Gonakin da suke zuwa an gina musu ɗakin ɓuya da bulo a kan tudu, da gilashi da na'urar sanyi da kujera mai laushi, waya kuma tana aljihu tana gaya musu inda hadari yake. A kwarinmu waya ba ta kamawa sam, sai ka hau titi.

Azumi ya kama, muka shiga tsarinsa. Shago sai bayan tarawi nake buɗewa, don haka yinina nawa ne. In na yi sallar azahar Yaya zai zo ƙofar gida da motarsa ta ɗaukar kaya ya danna oda. Mukan bar Hajiya a tsakar gida ta jiƙa tsamiyar kunu, tana naɗe sambusa, tukunyar shurba, romon buɗe baki, na kan wuta, matar Yaya na wanke waken ƙosai. Kullum kalmarta ɗaya ce, mu dawo kafin a buga igwa. A lokacin ana harba igwa daga kan dutse in rana ta faɗi, duk Makka ana ji, yanzu an daina. Yaya zai rufe ni wajen ƙarfe biyu, ya dawo saura awa guda a sha ruwa, mu kamo hanya muna tsere da rana.

Cikin ramin ba a magana. Kwano ya ɗau zafi yana ƙamshin ƙarfe, gumi na bin gadon baya har ya jiƙa buhun da nake zaune a kai. Ƙudaje su sauka a gefen ido ba damar kora da ƙarfi. Harshe ya yi kauri, yawu ya ƙafe, ga ruwa nan a gabanka taku uku yana ƙyalli, wasu na sha kana kallo. Tari in ya zo sai ka danne shi a cikin hula. Nakan sa wata tsohuwar jallabiya mai launin ƙasa da na rina da shayi, don ko ta tsagar kada farin tufa ya nuna. Da la'asar sakaliya sai tsuntsaye su fara zuwa. Kurciyoyi ne na farko, su sauka su yi ta waige-waige. Sai ƙananan nan masu surutu, sai alhudahuda shi kaɗai yana buɗe tukkunsa yana rufewa. Wani lokaci inuwar shaho ta gifta, wurin ya zama wayam. Fakara kuwa sukan fito kan wani falalen dutse su tsaya, babbansu a gaba, su yi ta kallon ruwan, sannan su juya.

An yi sallar roƙon ruwa a cikin watan, mutane suka juya mayafansu, dattawa na kuka. Na je na ɗaga hannu tare da kowa, amma zuciyata ba ta bi hannuna ba. Na riga na gane cewa fari ne ke kawo min tsuntsaye. Ranar da aka yi ruwa kowane ramin dutse zai cika, ba mai sake duban tafkina. Ina tsaye a sahu kusa da Yaya, wanda dabinonsa ke mutuwa, ina cewa a raina Allah Ya kawo ruwa amma bayan na samu fakara. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar sha biyu ga wata aka yi wani zafi mai nauyi, iska ta tsaya cik. A ranar fakara suka sauko daga falalen a karo na farko. Ina ganin su suna tahowa a jere, sun ci rabin hanya, yatsana na kan maɓalli, sai kawai suka tashi fir. Na ji takun Yaya a yashi, awa biyu kafin lokaci. Ya ɗaga murfin yana haki, ya ce ya ji tsoro ne kada zafi ya sumar da ni.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kwana goma sha biyu ina gasuwa, ka zo ka watsa min a minti ɗaya! Wa ya ce ka zo? Ko duniya za ta tashi kada ka zo kafin lokaci. Ni kuma ba zan fito ba sai ka zo, halas!"

Ya tsaya riƙe da kwanon, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka. Na ji." Har muka iso Misfala girman kai ya hana ni ba shi haƙuri.

Bayan kwana huɗu motarsa ta mutu a hanyar kai awaki kasuwa. Lokaci ya yi bai zo ba, rana ta yi ja, ta faɗi, ina zaune. Na sha ruwa da dabino ɗaya da na samu a aljihu, na yi magariba a zaune a cikin ramin. Sai da duhu ya fara shiga ya iso a motar wani makiyayi, ya tarar da ganyen dabino yadda ya jera su. Ya ɗaga murfi ya gan ni, ya yi salati. A gida ya ba da labarin ana dariya, ya ce wa Hajiya, "Wannan ɗan naki ko an busa ƙaho ba zai fito ba sai na je." Ni kuma na ji daɗin maganar, na ɗauke ta yabo.

Da aka shiga goman ƙarshe sama ta fara sauyawa. Kullum da la'asar gajimare zai taru a kan duwatsun Ɗa'ifa, fari da farko, sannan ya yi toka-toka, sannan ya yi baƙi. Kana hango walƙiya a cikinsa amma ba ka jin tsawa. Kafin magariba ya watse, ko ɗigo babu. Iska ta yi nauyi, gumi ya daina bushewa. Tururuwa suka kwashe ƙwayayensu daga gindin kurnar suka yi layi zuwa kan dutse. Biran nan da suka addabi gona suka ɓace gaba ɗaya. Yaya ya nuna min duk wannan, ɗaya bayan ɗaya. Sai a daren ashirin da biyu, muna shan kunu, ya ce, "Ka bari sai bayan Salla."

Na ce, "Yaya, jiya saura taku biyar su kai ruwan. In aka yi ruwa shi ke nan, wahalarmu ta tashi a banza. Gobe kawai."

"Gobe kawai?"

"Wallahi gobe kawai."

Washegari muka ratsa yashin mu biyu kamar kullum. Rana na bisa kanmu, amma gabas ta yi baƙi ƙirin tun azahar, abin da ba ta saba ba. Na sauka cikin ramin na kafa kyamara. Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa riƙe da murfin, ya ce zai hau saman tudu ya koro awaki, daga can yana iya hango bakin kwarin.

Ya ce, "In ka ji wani abu, ko mene ne, ka fito ka hau dutse. Kada ka jira ni."

Na yi dariya na ce, "Sai ka zo, Yaya. Ai ka san ni."

"Usman, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Rufe, suna kallon mu."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sauke kwanon. Na ji yana jera ganye a kaina, na ji takunsa mai nauyi ɗaya mara nauyi ɗaya yana nisa.

Ranar fakara suka zo. Ko la'asar ba ta yi ba suka gangaro, su tara, babban a gaba, ba tsayawa ba waige, kai tsaye zuwa bakin ruwa. Suka jeru suna tsoma jan baki suna ɗaga kai sama. Ina ganin ɗigon ruwa a gashin wuyansu. Na yi ta dannawa, na manta da azumi, na manta da zafi, wani daɗi ya cika min ƙirji har na ji ƙwalla. Sai a lokaci ɗaya duk suka ɗaga kai, suka juya suka fuskanci saman kwarin. Ba su tashi ba. Da gudu suka bar ruwan suka haye dutse, suka wuce falalen da suka saba tsayawa, suka ci gaba da hawa.

Wurin ya yi tsit, ko ƙuda babu. Wata iska mai sanyi ta shigo ta tsagar ta bugi fuskata, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rana na nan fal a kan yashi. Na dubi tafkin na ga ruwan yana rawa shi kaɗai. Sannan na ji ƙarar, can nesa, kamar manyan motoci sun jero a kan titi. Ba titi a wannan wajen.

Ni da na ci alwashin ba zan fito ba, ni da na ce ko duniya za ta tashi, tsoro ya shige ni har ƙafa. Na rungumi kyamara, na tura murfin da ka, na fito.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na tsaya na mai da murfin. Na jera ganyen dabinon a kai ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda Yaya ke yi, har na ɗauki reshe na share sawuna. A raina ina cewa wataƙila ba komai ba ne, kada in ɓata ramin a banza, kada fakara su ga baki a buɗe. Hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Sannan na zagaya bayan kurnar na kama dutse, taku ashirin ne kawai, na yi ta hawa har na samu wani ɗan dandali na tsaya ina haki.

Da na juyo sai na hango shi. Yana tsakiyar yashin, ya baro gefen gona, yana gudu irin gudun da ƙafarsa ta yarda masa, rawaninsa ya faɗi a baya bai waiwaya ba. Kurnar ya nufa. Daga bakin tudu ya duba ya ga ramin a rufe yadda ya bar shi.

Na buɗe baki na kira shi. Maƙogwaron mai azumi ne, abin da ya fito ko ni da kyar na ji. Na sake, na sake, iska na kwashe muryar tana yin ƙasa da ita, ƙarar nan kuma ta cika kwarin. Na ɗaga hannu ina kaɗawa. Ina sanye da jallabiya mai launin dutse, a tsakiyar duwatsu, shi kuwa idonsa na kan ramin bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Na ajiye kyamara na fara gangarowa, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashina. A nan na ga kan ruwan ya karyo kwana. Ba ruwa na fara gani ba, tarkace ne, itatuwa da kututture da kumfa mai launin kunun kanwa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana ture komai a gabansa.

Yaya ya iso ramin. Ya watsar da ganyen, ya fizge kwanon ya yar, ya sunkuya ya leƙa. Daga hasken rana ciki duhu ne, don haka ya diro ciki. Ya fito. Dutse na gabansa taku ashirin, da ya miƙe da ya kai. Sai ya tsaya yana juyawa, hannunsa a gefen baki, ina ganin bakinsa yana kiran sunana. Ya zagaya kurnar, ya leƙa bayan wani dutse da ke cikin yashin ko na faɗi a can. Yana cikin nema ruwan ya iso. Na ga ya kama reshe, na ga reshen ya lanƙwasa, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai jan ruwa. Bai gan ni ba.

A kan dutsen rana ta faɗi min. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kaina ba, duk ruwan a Ɗa'ifa aka yi shi. Sai da ambaliyar ta ja baya mai gona da mutanensa suka tsallako da igiya suka sauko da ni. A kwana na biyu aka samu Yaya, can ƙasa inda kwarin ya baje, yashi ya rufe shi rabi. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, ranar ashirin da biyar ga azumi. Kafin Salla rijiyoyin gonar duka biyu sun cika, bayan wata guda kwarin ya yi kore shar, dabino suka farfaɗo.

Kwana uku ana zaman makoki Hajiya ba ta tambaye ni komai ba. Da mutane suka watse ta aika a kira ni ɗakinta. Na same ta a kan darduma, carbi a hannu, ta rame a kwana ukun nan kamar wadda ta yi jinyar shekara. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Auta, matso. Abu ɗaya zan tambaye ka, ba zan sake ba. An ce min an gan shi yana gudu zuwa wurinka. Ya same ka?"

Na dubi darduma. Na ji bakina ya ce, "Ya same ni, Hajiya. Shi ya fito da ni, ya tura ni kan dutse."

Ta rufe ido ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To bai yi gudun banza ba." Ta ɗora hannu a kaina ta sa min albarka, ta ce in riƙe 'ya'yansa.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a duniya bayan wannan. Duk baƙon da ya shigo gidan, ɗan unguwa ne ko alhajin da ya zo daga Kano da saƙon dangi, sai ta zaunar da shi ta ba shi labarin yadda Bakur ya ratsa kwari da gurguwar ƙafa ya ciro ƙanensa daga rami. In ta kai ƙarshe takan nuna ni ta ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi." Baƙin su juyo su dube ni, ni kuma ina durƙushe da buta a hannu ina zuba musu gahawa.